Ɗaukar hoto na ƙara wa mutum lura? Kuma da fim ya kamata a fara ko da dijital?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na fara sha'awar ɗaukar hoto, kuma ina ta jin ana cewa yana sa mutum ya riƙa ganin abubuwan da a da yake wucewa bai lura ba. Da gaske ne ko faɗa ce kawai? Sannan wani ya ce min in dai ina so idona ya buɗe to in ajiye dijital in nemi kyamarar fim irin ta da. Wanne zan kama?"

To ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Maganar farko da gaske ce, amma da sharaɗi. Riƙe kyamara kawai ba ya buɗe wa kowa ido, akwai mutanen da wayarsu ta cika maƙil da hotuna amma ka tambaye su ta wane gefe hasken safe ke shigowa ɗakin da suke kwana sai sun tsaya suna tunani. Abin da ke wasa ido shi ne kafin ka danna ka ƙiyasta a ranka cewa hoton nan ga yadda zai fito, sannan daga baya ka zauna ka duba inda ka dace da inda lissafinka ya kauce. Fim yana tilasta maka ƙiyasin, dijital kuma yana sauƙaƙa maka dubawar, kuma kowanne a cikinsu yana da yadda yake sa mutum ya yi sakaci da ɗayan. In ka riƙe wannan sauran duk bayani ne.

Sai ka san yadda ido ke aiki tukuna kafin ka gane me kyamara ke koyarwa. Mu muna jin kamar duk abin da ke gabanmu muna ganinsa tar lokaci ɗaya, alhali wurin da ido ke gani da kyau ɗan mitsitsi ne, bai wuce digiri 2 ba, kusan faɗin farcen babban yatsanka in ka miƙe hannu gaba. Sauran duk dishi-dishi ne. Idon yana ta tsalle daga nan zuwa can kamar sau 3 a daƙiƙa ɗaya, ƙwaƙwalwa ce ke harhaɗawa ta miƙo maka abu guda, kuma a wajen harhaɗawar nan tana zubar da duk abin da ta ga ba ka damu da shi ba. A 1999 wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris, sun nuna wa mutane bidiyon 'yan wasa suna jefa wa juna ƙwallo, suka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riga suka miƙa ƙwallon, ana cikin haka wani sanye da kayan goggon biri ya ratso ta tsakiyarsu ya tsaya ya bugi ƙirji ya fice, amma kusan rabin masu kallon ba su gan shi ba. Idonsu lafiya lau, hankalinsu ne yana kan ƙirga.

Ita kyamara ba ta zubar da komai. Ka tsayar da abokinka ka ɗauke shi, a lokacin kai fuskarsa kawai kake kallo da murmushin da yake yi, sai hoto ya fito ka ga turken lantarki ya tsiro daga tsakar kansa, ga wata leda a ƙasa ta gefen hagu, ga gwiwar hannun wani ta leƙo ta dama, ga ginin da ke baya ya karkace don kai ma ka karkata ba ka sani ba. Duk suna nan tun kana tsaye a wurin. In hakan ya faru da kai sau da yawa kuma kana tsayawa kana duba hotunan, wata rana za ka ga kafin ka danna idonka da kansa ya zaga kusurwa huɗun firam ɗin, wato iyakar abin da zai shiga hoton, ya duba abin da ke bayan mutumin, kuma abin mamaki ɗabi'ar ba ta tsayawa a kan kyamara, ko hannunka ba komai ka shiga wuri sai ka ga kana lura da gefe-gefe.

Haske ne ya fi komai canzawa a idon mai ɗaukar hoto, kuma nan nake so in daɗe. Yawancin mutane abu suke gani, ba sa ganin hasken da ya sauka a kan abun. Ɗauki mutum a tsakar rana lokacin da take tsaye a ka, kai a tsaye ba ka ga wata matsala ba, amma a hoto za ka ga kwarmin idonsa ya yi baƙi kamar babu ido a ciki, ƙasan hanci da ƙasan haɓa inuwa ta kwanta, goshi da karan hanci kuma suna ƙyalli. Ka ja shi taku biyu zuwa bakin wata inuwa ya fuskanci fili, nan take fuskar ta yi laushi, ka ga wani ɗan ɗigon haske ya bayyana a ƙwayar idonsa, kuma ɗigon nan shi ke sa a ce hoto yana da rai. Mutum ɗaya, minti ɗaya, abin da ya canza kawai inda haske ke fitowa ne da girman wurin da yake fitowa. Rana duk girmanta a wajenmu ƙaramar fitila ce saboda nisa, shi ya sa inuwarta ke da kaifi, shi kuwa gajimare ko farin bango yana baza hasken ya zo ta wuri mai faɗi sai bakin inuwa ya narke.

Kala ma haka. Farar takarda a ƙarƙashin ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa kana ganinta fara, ka fita da ita waje kana ganinta fara, alhali hasken ba ɗaya ba ne sam, na rana tsaka yana wajen 5500 a ma'aunin Kelbin da ake auna kalar haske da shi, na tsohon ƙwan fitilar gida kuma wajen 2700. Ƙwaƙwalwa ce ke gyara maka ba ka sani ba. Fim mai kala da aka yi don hasken rana ba ya wannan gyaran, ka ɗauka da shi a ƙarƙashin irin wannan ƙwan sai komai ya fito ruwan lemo, ƙarƙashin dogon ƙwan nan mai farin haske kuma sau da yawa sai ya ja kore. Daga ranar da ka ga haka za ka fara lura cewa inuwa da rana tana da ɗan shuɗi-shuɗi don hasken sararin sama ne ke cika ta, kuma in mutum ya tsaya kusa da jan bango gefen fuskarsa yana ɗaukar ja.

Sai lokaci. A 1838 Louis Daguerre ya ɗauki wani babban titi a birnin Paris, titin cike yake da mutane da kekunan doki amma a hoton ya fito wayam, saboda sai da aka bar kyamarar a buɗe na mintoci, duk abin da ke motsi ya ɓace, wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Shekara 40 bayan nan, a 1878, Eadweard Muybridge ya jera kyamara 12 a Palo Alto ta jihar Kalifoniya ya ɗauki doki yana gudu, aka ga lallai akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suke sama, amma a lokacin a tattare suke a ƙarƙashin cikinsa, ba a mimmiƙe gaba da baya ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna zanawa. Mutane sun yi ƙarnoni suna tare da doki kullum ba su iya ganin wannan ba. Kai ma in ka fara wasa da saurin shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, ka ɗauki ruwa yana zuba a 1/1000 na daƙiƙa ka gan shi ɗigo-ɗigo a tsaye, ka sake ɗauka a 1/4 ka gan shi ya zama kamar hayaƙi, za ka fara jin motsi a jikinka, ka san lokacin da ƙafar mai tafiya za ta taɓa ƙasa, ka san mutum zai yi dariya tun daga yadda kumatunsa suka fara ɗagawa.

Sharaɗin da na ambata kuwa har bincike ya taɓa shi. Linda Henkel ta jami'ar Fairfield ta kai ɗalibai gidan adana kayan tarihi, wasu kayan ta ce su ɗauka a hoto wasu kuma su kalla kawai, washegari da aka gwada su sai aka ga sun fi mantawa da waɗanda suka ɗauka, sakamakon ya fito a 2014. Amma wurin da ya fi jan hankalina shi ne, in aka ce su jawo wani ɓangare na kayan kusa su ɗauka, mantuwar ba ta faruwa, har ɓangaren da bai shiga hoton ba suna tunawa. Wato wanda ya ɗaga ya danna ya wuce ya sallama wa na'ura aikin, wanda ya tsaya ya zaɓa kuwa dole ya kalla. Wani binciken na 2017 ya nuna masu ɗaukar hoto sun fi tuna abin da suka gani amma sun rage tuna abin da suka ji da kunne, to ka ga lurar ma tana da abin da take ci.

Yanzu maganar fim. Wanda ya ba ka shawarar yana da hujja. Fim leda ce da aka shafa wa sinadarin azurfa mai jin haske, in haske ya taɓa shi sai ya bar wata alama da ido ba ya gani har sai an wanke, a saka a ruwan da ke fito da hoton, sannan a saka a wanda ke kafe shi don kar haske ya ƙara taɓa shi. Naɗi ɗaya na 35mm hoto 24 ne ko 36, babban fim na 120 kuwa 12 kacal in kana ɗaukar mai kusurwa huɗu daidai. Ba allo a baya, ba gogewa, ISO ɗin fim ɗin da ka loda, wato lambar da ke nuna saurin jin haskensa, shi za ka yi ta amfani da shi har naɗin ya ƙare. To dole ka tsaya ka yi lissafi, kuma kowace dannawa kuɗi ce, sai ka ga mutum ya ɗaga kyamara ya leƙa ya sauke bai danna ba, ya matsa gefe ya durƙusa ya jira wani ya fita daga baya. Wannan saukewar ba tare da an danna ba tana cikin manyan abubuwan da fim ke koyarwa.

Tsofaffin masu hoto suna da wata ƙa'ida ta auna haske da ido. In rana ta fito sosai kuma inuwa na da kaifi, ka sa ƙofar haske a f/16 (lambar f in ta yi girma ƙofar ta tsuke ke nan), saurin shota kuma ya yi daidai da lambar ISO, in fim ɗin 100 ne ka sa 1/125 tunda shi ya fi kusa. In rana ta ɗan lulluɓe bakin inuwa ya yi laushi f/11, in hadari ne inuwa da ƙyar ake ganinta f/8, in babu inuwar ma gaba ɗaya f/5.6, kowane mataki ninkin hasken na baya yake shigarwa. Duba da kyau, ƙa'idar nan gaba ɗayanta kallon inuwa ce. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wanda ya yi wata da watanni yana wannan sai ya fito waje ya kalli ƙasa ya faɗi lamba kuma mitar auna haske ta zo ta yarda da shi.

Kuma ita mitar hasken da ke cikin kyamara, ta fim ce ko ta dijital, ba ta san me kake ɗauka ba, ita dai burinta komai ya dawo ruwan toka matsakaici, wanda ake ƙiyastawa da mai da kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Ka nuna mata farin bango ta rage haske ya fito toka-toka, ka nuna mata baƙin yadi ta ƙara shi ma ya fito toka-toka. Shi ya sa baƙin mutum sanye da fararen kaya a cikin rana yake cikin abubuwan da suka fi wuyar ɗauka, mita ta bi farin sai fuska ta nutse. Dole kai ka yanke hukunci wanne ya fi muhimmanci. Ansel Adams da Fred Archer wajen 1940 sun kasa haske gida 11 daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, don mai hoto ya kalli wuri ya ce wannan dutsen a gida na kaza nake so ya zauna tun kafin ya danna. Fim baƙi da fari ya fi komai koyar da wannan, don jan fure a cikin koren ganye da ke ɗaukar ido a zahiri zai iya fitowa toka ɗaya da ganyen ya ɓace, sai ka koyi raba kala da haske.

Amma ga inda fim ke gazawa, kuma masoyansa ba su cika faɗa ba. Kafin ka gama naɗin ka kai wanki ya dawo an yi kwanaki ko makonni, ka manta a f nawa ka ɗauki hoto na 17 kuma me ka yi zato a lokacin, to ƙiyasin an yi amma dubawar ta tsinke. Na biyu wanda ya fi wannan, nagetif mai kala, wato fim ɗin da in an wanke haske da duhu ke fitowa a juye, yana da haƙuri sosai, ka ƙara masa haske ninki biyu ko huɗu ya shanye, sannan injin masu wanki yana gyara haske da kala da kansa lokacin da ake sikanin ko bugawa. Sai hoto ya dawo maka da kyau ka ɗauka kai ne ka iya, alhali injin ne ya rufa maka asiri. Mai koyo da fim in ba ya riƙe ɗan littafi yana rubuta saitin kowane hoto, kuma ba ya ɗaga nagetif ɗin kansa a haske ya ga wanne ya yi kauri wanne ya yi siriri, to rabin karatun yake yi.

Dijital ta wannan gefen ba abin da ya kai shi. Tun da Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko a kamfanin Kodak a 1975, mai ɗigo 100 sau 100, baƙi da fari, tana cin daƙiƙa 23 kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset, abin da ta zo da shi shi ne amsa nan take. Yau kowane hoto yana ɗauke da bayanin saitinsa a ciki, saurin shota da ƙofar haske da ISO da lokaci, ba sai ka rubuta ba. Kana iya ajiye kofi kusa da taga ka ɗauke shi a f/2.8 da f/8 da f/16 ka ga yadda bayansa ke narkewa ko yake fitowa, ka zagaya shi haske ya zo ta gaba, ta gefe, ta baya, duk a zama ɗaya. Abin da mai fim zai koya a naɗi da yawa kai ka gan shi kafin rana ta faɗi. Sai dai ka san halinsa ya saɓa da na nagetif, a sensa, wato abin da ke karɓar haske a kyamarar dijital, in wuri ya ƙone da haske ya ƙone ke nan babu abin da za a ceto, amma inuwa ana iya ɗago ta musamman in ka ɗauka a RAW, tsarin da kyamara ke ajiye hoto ba ta gyara shi ba, don haka a dijital farin wuri ake tsaro, a nagetif kuma inuwa.

Matsalarsa ita ce sauƙin ya yi yawa har ƙiyasi ya mutu. Mutum ya danna ya sunkuya kan allo, ya danna ya sunkuya, idonsa ya fi daɗewa a kan allo fiye da kan abin da yake ɗauka, kuma sau da yawa lokacin da kansa ke ƙasa ne abin da ya zo nema yake wucewa. Ko ya danne maɓalli ya kwaso 40 da fatan ɗaya zai yi, ya tara dubbai bai taɓa zama ya tace ba. Waya kuma ta ƙara wani abu, in ka danna sau ɗaya hotuna da yawa take ɗauka ta haɗe su, ta ɗago inuwa ta danne haske ta gyara kala, wato aikin da ƙwaƙwalwarka ke yi na ɓoye maka gaskiyar haske ita ma shi take yi. Hoton zai yi kyau kam, amma darasin haske ya ragu. Darasin tsara firam da jiran lokaci dai yana nan a waya daram, kar wani ya raina maka ita.

Ni a ganina ka fara da dijital ɗin da ke hannunka, amma ka ɗora wa kanka dokokin fim. Ka mai da kyamarar manuwal, wato kai za ka riƙa saita komai da hannu, in waya ce ka shiga saitin ƙwararru in tana da shi. Ka kashe nuna hoto bayan dannawa. Ka tsaya a lens ɗaya mara zumin, wato gilashin gaban kyamara wanda ba ya jawo abu kusa, mai lamba 35mm ko 50mm, shahararren mai hoton nan na Faransa Henri Cartier-Bresson mafi yawan aikinsa da 50mm ya yi, amfanin hakan shi ne idonka zai haddace faɗin firam ɗin har ka san abin da zai shiga tun kyamara tana rataye. In za ka fita ka ce yau 36 kawai zan ɗauka, kafin kowanne ka faɗi saitin da kake zato sannan ka duba mita, kuma ka tambayi kanka me nake ɗauka a nan, in ba ka iya faɗa a jimla ɗaya ba to ba ka gama kallo ba. Da dare ka buɗe su a babban allo duka har waɗanda suka lalace, kar ka yi saurin gogewa don lalatattun sun fi koyarwa, ka ga me ya shigo da ba ka gani ba. Sannan ka zaɓi abu ɗaya da ba ya motsi, bishiya ko bango ko ƙofa, ka riƙa ɗaukarsa da sassafe da hantsi da tsakar rana da la'asar da almuru na tsawon makonni, wannan aikin shi kaɗai ya isa ya canza yadda kake ganin haske.

In ka yi watanni a haka kuma har yanzu ranka na son fim, to ka shiga, lokacin zai amfane ka sosai don ka riga ka san abin da kake nema, kuma ranar da ka tsaya a ɗakin wanki ƙarƙashin jar fitila ka ga farar takarda a cikin ruwa tana fito da fuska a hankali za ka gane dalilin da ya sa mutane ba su bar shi ba. Ka nemi kyamara mai aiki da hannu irin Pentax K1000 ko Nikon FM2, ka fara da baƙi da fari mai ISO 400 kamar Ilford HP5 ko Kodak Tri-X. Kafin ka karɓi tsohuwar kyamara ka buɗe bayanta ka duba soson da ke tare haske ko ya narke ya zama danƙo, ka gwada shota a daƙiƙa 1 ka ji ko tana maƙalewa, ka haska tocila cikin lens ka duba ko akwai wani abu kamar yanar gizo-gizo, in akwai to fumfuna ce ta kama gilashin. Fim ɗin ka ajiye shi nesa da zafi, kuma in ka kai wanki ka roƙe su kar su gyara haske a sikanin, su ba ka yadda ka ɗauka tare da nagetif ɗinka.